MADARAR ALMON KO TA WAKEN SUYA? DARASI GA UWARGIDA



Abin da ya jawo darasinmu na wannan fitowa shi ne wata tambaya da aka yi mini a ajin matan aure bayan mun tashi daga karatu. Wata baiwar Allah ce ta miƙo mini wayarta, ta ce, "Malama, don Allah dubi wannan. Wai madara ce ake yi da almon a gida, sun ce ta fi ta shanu lafiya. Ni kuwa madarar gari ta gagare mu, shin in na samu almon ɗin zan iya ba yarana a madadinta?" Kafin in buɗe baki sai wata daga baya ta ce ai ita ma ta gani, har tana tunanin ta fara ba jaririyarta 'yar wata huɗu, don nononta ba ya isa. Wallahi gabana sai da ya faɗi. Shi ya sa na ce ba zan bar maganar a aji kaɗai ba, gara in rubuta ta yadda za ta kai ga sauran 'yan uwa.

Kowa ta san halin da aka shiga tun 2023, lokacin da aka cire tallafin man fetur kuma darajar naira ta zube. Yawancin madarar garin da muke sha daga waje ake shigo da ita, saboda haka kuɗinta ya bi dala ya haye sama. Gidan da a da ake ajiye gwangwani guda sai aka koma 'yar ƙaramar leda, ita ma sai ranar da maigida ya samu. Don haka ba laifi ba ne uwargida ta nemi abin da zai maye gurbi. Laifin shi ne ta ɗauki duk wani farin ruwa da aka kira madara a matsayin abu ɗaya.

Mene ne almon, kuma su wa ke shan madararsa?

Almon ƙwaya ce mai kama da gyaɗa amma ta fi ta tsawo da faɗi, Larabawa na kiranta lauz, kuma alhazai kan zo da ita tsaraba tare da dabino. Kada a haɗa ta da itacen nan mai faffaɗan ganye da ake shukawa a harabar makarantu, wanda yara ke fasa ƙwallonsa su ci. Wasu na kiransa almon, amma itace ne daban. Almon na gaske yana son ƙasar da ke da sanyin hunturu, shi ya sa ba a nomansa a wajenmu. Kusan kashi 80 cikin 100 na almon ɗin duniya daga jihar Kalifoniya ta Amurka yake fitowa, inda ake shayar da itatuwan da ruwan madatsu da magudanai, kamar dai yadda ruwan Tiga ke biyo kanal ya iso gonakinmu na Kura da Bunkure tun bayan da aka gama madatsar a 1974. An ƙiyasta cewa ƙwaya ɗaya tak ta almon na cin ruwa kusan lita 4 kafin ta nuna. Mu da muka san yadda mazajenmu ke kwana a gona suna jiran layin ruwa ya zo kansu, mun san abin da wannan lissafi ke nufi. Can ma da fari ya matsa musu tsakanin 2012 da 2016, an yi ta cacar baki a kan ruwan da almon ke sha.

Ita madarar almon ba sabuwa ba ce. Masu girkin ƙasashen Larabawa sun san ta tun ɗaruruwan shekaru, Kiristocin Turai ma sun riƙa amfani da ita a kwanakin azuminsu da ba sa cin abin da ya fito daga dabba. Abin da ya sake fito da ita a wannan zamani mutane ne iri biyu. Na farko su ne waɗanda suka ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba, ba nama, ba ƙwai, ba nono, wasu ma har zuma. Turawa na ce musu bigan, kuma an kafa ƙungiyarsu ta farko a Ingila a 1944. Mu dai a wajenmu nono halal ne, ni'ima ce, ba kuma za mu haramta wa kanmu abin da Allah Ya halatta ba. Haka nan babu laifi ga wadda ta sha madarar tsiro don ta fi mata sauƙi ko don lafiyarta. Na biyu su ne waɗanda cikinsu ba ya karɓar madara, kuma irin waɗannan suna da yawa a cikinmu. Akwai wani sukari a cikin madarar dabba da ake kira laktos, wanda jikin mutane da yawa ke rage iya narkar da shi bayan sun girma. Shi ya sa za ki ga wata ta sha shayi mai kaurin madara, ba a jima ba cikinta ya kumbura yana ƙugi, wani lokaci har da gudawa. Fulani makiyaya sun fi mu jure shi. Kindirmo da nono mai tsami kuwa sun fi sauƙi a ciki, domin tsamin ya cinye wani ɓangare na wannan sukari.

Ga wadda ta samu almon tana son ta gwada, abin ba shi da wuya. Ki jiƙa gwangwani ɗaya ya kwana, da safe ki murje jan ɓawon, ki niƙa a bilenda da ruwa mai tsabta gwangwani uku ko huɗu, ki tace da farin ƙyalle, ki sa dabino in kina son zaƙi. Shi ke nan. Idan kin ɗanɗana ƙwayar kika ji ɗaci sosai ki zubar, domin akwai nau'in almon mai ɗaci da ke da guba.

To amma me ke cikin kofin? A nan gizo ke saƙar. Kofi ɗaya na madarar shanu yana da furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin giram 8. Madarar waken suya tana da kimanin giram 7. Madarar almon irin ta kwali kuwa giram 1 ne kawai, mafi yawanta ruwa ne. Ta gida takan ɗan fi kauri, amma amfanin ƙwayar da yawa yana tafiya a cikin tuƙar da aka tace. Wato ki sayi abu mai tsada da aka ɗauko daga Amurka, ki tace, ki ba yaro ruwan, alhali ga waken suya a kasuwar Kura ana auna shi da kwano. A ganina wannan ba dabara ba ce.

Waken suya

Waken suya ya fi duk wani wake da muke ci furotin, kusan kashi 36 zuwa 40 cikin 100 na busasshensa. An daɗe ana nomansa a Binuwai, amma bai shiga tukunyar Bahaushiya sosai ba sai bayan da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da sauran hukumomi suka dage wajen koya wa mata sarrafa shi daga ƙarshen shekarun 1980. Yau ga awara nan a kowane lungu, yaran da aka haifa bayan nan sun ɗauka tun kaka da kakanni ake yin ta. Manoma kuma sun gane cewa yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, yana kuma rage ƙuduji in an juya shi da masara ko dawa. In maigida yana da gonar damina, ki roƙe shi ya ware miki ko kunya kaɗan ce.

Duk mai yin awara ta riga ta iya madarar waken suya, domin farin ruwan nan da take tafasawa kafin ta zuba ruwan tsami, shi ne madarar. Sai dai abubuwa biyu ke korar mutane daga shan ta: ƙarni da ciwon ciki. Dukansu kuwa daga hannun mai yi suke.

Ga yadda nake yi. Ki auna wake gwangwani biyu, irin gwangwanin madarar ruwa. Ki tsince tsakuwa da duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yi fumfuna. Ki wanke, ki jiƙa da ruwa mai yawa na awa 8 zuwa 10, don zai kumbura ya ninka. A lokacin zafi, musamman watan Maris zuwa Mayu, ki canja ruwan sau ɗaya ko biyu, in ba haka ba zai fara tsami tun kafin ki kai shi inji, madarar kuma ta tsinke a wuta. Bayan ya jiƙu ki murza shi da tafin hannu a cikin ruwa, ɓawon zai taso sama ki tsiyaye. Ba dole ne ki cire duka ba, amma gwargwadon yadda kika cire gwargwadon laushin madarar.

Yanzu maganar ƙarni. Wannan warin ɗanyen wake yana tasowa ne a daidai lokacin da aka fasa ƙwayar a cikin ruwan sanyi, saboda wani sinadari da ke cikinta wanda zafi ke kashewa. Saboda haka kafin niƙa, ki tafasa ruwa, ki zuba jiƙaƙƙen waken a ciki ya yi kamar minti 5, ki tsame. Za ki ji bambanci ƙwarai. Amma ki lura, wannan na madarar sha ne. Idan awara za ki yi kada ki yi masa wannan tafasar, don ba za ta yi auki ba.

Sai niƙa. Mai bilenda ta huta in akwai wuta. Sauranmu kuwa sai inji, kuma a nan ina roƙon 'yan uwa, kada a tura ƙaramin yaro shi kaɗai. A garin da tumatir da attaruhu suka yi yawa irin namu, injin markaɗe ba ya rabuwa da yaji. Ki tafi da ruwanki, ki sa a ɗauraye injin a gabanki, ko ki yi sammako ki zama ta farko. Na taɓa aika yaro ya dawo mini da ƙullu ja-ja-ja mai warin albasa, ranar sai akuya ce ta ci riba.

Gwangwani biyu na wake yana ɗaukar ruwa kimanin lita 2, wato ledar fiya wata huɗu, har da wanda aka yi niƙa da shi. Ki dama, ki tace da ƙyalle mai tsabta irin na tatar koko, ki matse sosai. Ki ɗora a tukunya babba, wadda madarar ba za ta wuce rabinta ba, domin tana kumfa tana tasowa farat ɗaya kamar an kore ta. Kada ki bar wajen. Ki riƙa juyawa da muciya ko ludayi don kada ta kama a ƙasa, in ta taso ki rage itace ko ki yayyafa ruwa kaɗan.

Daga lokacin da ta fara tafasa sosai, ki duba agogo ki ba ta minti 15 zuwa 20. Wannan shi ne wurin da ba a yi masa ha'inci. Ɗanyen waken suya yana ɗauke da wasu sinadarai da ke hana hanji narkar da furotin, su ne ke kawo kumburin ciki, tashin zuciya da gudawa, kuma dahuwa ce kaɗai ke karya su. Abin da ke yaudarar mata shi ne kumfar: tana tasowa tun madarar ba ta dahu ba, sai a ɗauka ta tafasa a sauke. Ni kaina na yi wannan kuskure a farkon koyona, ina sauri zan tafi makaranta. Daren nan ba wanda ya runtsa a gidan, maigida kuwa ya yi wata guda ko sunan waken suya ba ya son ji.

Idan ta dahu sai ki sa 'yar citta da kanumfari tun tana wuta, gishiri ɗan mitsitsi, sukari ko niƙaƙƙen dabino bayan an sauke. Kada ki matsa lemun tsami ko ki zuba tsamiya a ciki, za ta kama ta koma awara. Ana shan ta haka nan, ana dama koko ko kunu da ita, ana zuba ta a shayi, kodayake shayin da ya yi ƙarfi sosai yakan sa ta tsinke. Ga yaran da suka wuce shekara ɗaya, kokon da aka dama da wannan madara ya fi koko zalla nesa ba kusa ba, don shi koko zalla cika ciki ne kawai.

Tuƙar da ta rage ma ba shara ba ce. A kan ba dabbobi, kuma suna ƙiba da ita, amma kina iya zuba kaɗan a ƙullun ƙosai ko alale, ko ki soya ta da manja da albasa, in dai za ta dahu sosai.

Aya da gyaɗa

Kunun aya shi ne madarar tsiron da muka gada, ba wanda ya koya mana. Abin mamaki, mutanen Balansiya a ƙasar Sifen suna yin irinsa, suna alfahari da shi, har ma suna sayen aya daga Afirka ta Yamma, ciki har da Nijar, inda yankin Maraɗi ya yi suna wajen nomanta. In daɗi ake nema da abin tarbar baƙi, aya da dabino da kwakwa sun fi almon, ba ma a haɗa su. Sai dai ta fuskar gina jiki ita ma furotin ɗinta kaɗan ne, ƙarfinta a mai da zaƙi yake. Don haka abin sha ce, ba ta tsaya a matsayin madara ga yaro mai tasowa ba.

Haɗarin kunun aya shi ne ba a dafa shi. Duk abin da ke cikin ruwan da kika niƙa da shi, ko a jikin ayar, ko a cikin injin, kai tsaye zai shiga cikin mai sha. Aya a cikin ƙasa take girma, tana zuwa da yashi, saboda haka a wanke ta sau da yawa a rege. A yi amfani da ruwan da aka tafasa ya huce. Ruwan kanal kuwa ko wanke ƙyallen tata kada a yi da shi. Ya ratso gonaki ya kwaso taki da maganin feshi, ana wanka a ciki, dabbobi na sha. Robobin da ake tsintowa a ɗura kunun sayarwa, wannan ma magana ce mai zaman kanta, Allah Ya sa masu sana'ar su ji tsoron haƙƙin mutane. Sannan kunun aya ba ya jimawa: in babu sanyi, wanda aka yi da safe kafin la'asar ya fara tsami yana kumbura roba.

Gyaɗa kuma tana da furotin mai kyau, kuma kunun gyaɗa dafaffe ne. Abin kiyayewa a gare ta shi ne ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta yanƙwane tana ɗaci. Irin wannan na ɗauke da gubar da ake kira aflatoksin, mai lalata hanta da tauye girman yara, kuma tafasa ba ta kashe ta. A tsince a zubar, kada a ce asara ne.

Jarirai

Na dawo kan 'yar uwar nan mai jaririya 'yar wata huɗu. Babu ɗaya daga cikin abubuwan da na lissafa, almon ne, aya ce, gyaɗa ce, har shi waken suyan da nake yabo, da ya isa ya maye nonon uwa ga jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa ba sai an ƙara ba, sannan a fara ba shi abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu, wanda ya yi daidai da abin da muka karanta a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara. Jariri yana buƙatar mai, sukari, gishiri da sinadarai a wani ma'auni da ba za a iya haɗawa a madafa ba. A ƙasar Beljiyam a 2014 wani jariri ɗan wata bakwai ya rasu bayan iyayensa sun shafe watanni suna ba shi madarar hatsi iri-iri. Nauyinsa bai fi kilo 4 da 'yan kai ba, kuma kotu ta same su da laifi a 2017. Ba ƙin ɗansu suke yi ba, gani suke gata suke masa. Wannan a ƙasar da asibiti ke ko'ina ke nan.

Yaron da ake cika wa ciki da abin da ba shi da furotin yakan yaudari uwa, don ba lallai ya rame ba. Sai ki ga ƙafafu da fuska sun kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata na saɓulewa, yaro ya daina wasa. Wata sai ta ce ƙiba ce, wata ta ce shawara ce ko maita, alhali tamowa ce. Wadda ta ga haka ta garzaya asibiti, kada ta tsaya jiƙe-jiƙe. Mai ganin nononta ba ya isa kuma, mafi yawan lokuta maganin shi ne ta yawaita sa yaron a nono dare da rana, don tsotso ne ke kawo ruwan, ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa. Madarar waken suyan ita uwar ce za ta sha, ba jaririn ba. In abin ya ci tura, ko uwa ta rasu ko ba ta da lafiya, ma'aikatan asibiti ne za su faɗi abin da za a ba shi.

Ko ga manyan yara ma akwai gyara. Madarar waken suya ta gida ba ta kai ta shanu sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da haƙori ba, kuma ba ta da bitamin B12, wanda a abincin dabba ake samunsa. Na kwali da ake sayarwa a manyan kantuna zuba musu waɗannan ake yi a masana'anta. Saboda haka kada don kin koyi wannan ki sallami mai tallan nono. Miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu suna cike gurbin kalsiyam. Ƙwai ɗaya, ɗan kindirmo ko 'yar hanta lokaci-lokaci suna cike ɗayan. Akwai kuma yaran da jikinsu ba ya karɓar waken suya ko gyaɗa sam. Ranar farko ki ba da cokali biyu ko uku ki zuba ido. In kin ga ƙuraje, kumburin leɓe, amai ko numfashi na sarƙewa, ki tsayar nan take ki kai shi asibiti.

Game da ajiya, madarar waken suya tana lalacewa kamar ta shanu. In babu firiji, ki yi daidai wadda za a shanye a yinin, ki bar ta a rufe a tukunyar da aka dafa ta, kada a riƙa tsoma kofin da aka sha da shi. Wadda ta kai yamma ki sake tafasa ta kafin a sha. A firijin da wuta ba ta yankewa takan yi kwana biyu zuwa uku, amma da irin wutarmu ni ba na yarda ta wuce washegari. In kin ga ta yi kauri tana yauƙi ko tana wari, zubarwa za a yi. Wadda kuwa ta rage da yawa tun tana da kyau, ki mayar da ita wuta ki zuba ruwan tsami, yara su samu awarar tafiya makarantar allo.